A Buɗe wa Abdulsamad Kujerarsa

Jawabin Malama Talatu a madadin ɗalibai, ranar yaye ajin yaƙi da jahilci na mata, Azare, 2006

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban wannan taro, Alhaji Hammawa, wanda ya ba mu aron zaurensa muka yi karatu a ciki rani da damina, mai girma wakilin hakimi, mai unguwarmu da dattawan da ke tare da shi, Hajiya wakiliyar ƙaramar hukumar Katagum mai kula da ilimin manya, limamanmu da malamanmu, malamarmu Hadijatu, wadda ta sha fama da mu, mazajenmu da suka yarje mana muka fito neman sani, iyayenmu mata, maƙwabtanmu 'yan kudu da suka rufe shagunansu suka zo taya mu murna, 'yan'uwana ɗalibai, jama'ar da ke zaune da waɗanda ke tsaye a rana saboda mu: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Talatu. A Itas aka haife ni, aure ne ya kawo ni Azare. Na haura arba'in kafin in fara riƙe fensir, kuma ranar farko riƙon muciya na yi masa, har Malama Hadijatu ta ce in sassauta, ba tuwo zan tuƙa ba. Takardar nan da ke hannuna ni na rubuta ta, baƙi bayan baƙi. Idan kun ji na tsaya, ku yi mini haƙuri, wani wurin rubutun ne ya cushe.

A madadin 'yan ajinmu ina godiya. Muna godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Muna godiya ga malamarmu, wadda ba ta taɓa yi wa babbar mace dariya ba don ta rubuta sunanta a juye. Muna godiya ga hukuma da ta kawo allo da littattafai. Muna godiya ga Alhaji shugaban taro, wanda da bai buɗe mana ƙofa ba, da har yanzu yawancinmu dangwala yatsa muke yi.

An ce in yi magana a kan amfanin da karatu ya yi mini. Da na gaya wa Malama abin da nake so in faɗa, sai ta ce, "Talatu, kin gaya wa maigidanki?" Na je na gaya masa. Ya ce, "Ni dai ban sa ki ba, ban kuma hana ki ba." Da wannan izini na tsaya a gabanku.

Waɗanda suka san gidanmu sun san cewa Alhaji shugaban taro yayan maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne babba a zuriyarsu, shi ma uba ne ga 'ya'yana. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba, ban taɓa ce masa komai ba bayan gaisuwa, kuma haka ya dace. Yaya Alhaji, ka gafarce ni. Na nemi bakin da zan yi maka magana a gida na rasa. Ranar Asabar mai zuwa mota za ta zo ta ɗauki ɗana Abdulsamad, ta kai shi makarantar mari a wani gari mai nisa. Kai ka yanke haka, kuma na san da kyakkyawar niyya ka yanke. Kafin Asabar ɗin, wannan ce kaɗai ranar da aka ba ni dama in yi magana kana zaune kana ji.

Maganata ta farko a kan yaron kansa ce, don da yawanku kun san ihunsa, ba ku san shi ba.

Abdulsamad autana ne, shekararsa takwas. Ƙafafunsa lafiya, hannuwansa lafiya, idonsa yana gani. Kunnensa kuwa ji yake har ya wuce kima, kuma a nan wahalar take. Abin da mu muke ji ƙara, shi ciwo yake ji. Idan aka tayar da injin niƙa a bayan gidanmu, sai ya toshe kunnuwa ya faɗi yana birgima kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Idan ɗan acaɓa ya danna hon a ƙofar gida, haka. Idan aka kawo wuta rediyon maƙwabta ya tashi babu shiri, haka. Tabarmar roba ba ya zama a kanta, sai ka ce ƙaya aka shimfiɗa masa. Hula ba ta daɗewa a kansa. Ranar aski kuwa, wanzami sai ya yi addu'a kafin ya shigo gidanmu. Kalmominsa kaɗan ne: Inna, ruwa, a'a. Ba ya iya cewa ga inda ke yi mini ciwo.

Akwai kuma abin da na fi so ku riƙe, don kowa a nan yana da hannu, kowa kuma yana son yara. Idan ka shafa shi a hankali, irin shafar da ake yi wa kan yaro a sa masa albarka, sai ya zabura ya ƙwalla ƙara kamar kunama ta harbe shi. Amma idan ka rungume shi ka matse ƙam, har kana tsoron kada ka ji masa ciwo, sai ka ji jikinsa ya saki, numfashinsa ya daidaita. Haka Allah Ya yi shi. Ban san dalili ba, amma na san haka ne, don ni na haife shi.

Saboda haka ne na yi ta goyonsa har ya kai shekara shida. A bayana kaɗai yake samun lafiya, idan na ja zane na ɗaure majanyi tamau. Da shi nake daka, da shi nake wanki, ƙafafunsa suna dukan bayan gwiwoyina. Maƙwabciyata Ya Gana, Babarbariyar nan da ba ta ɓoye magana, wata rana ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke Talatu, wannan goyon naki, ranar aurensa ma ke za ki kai shi ɗakin amarya a baya?" Na ce mata, "In amaryar tana da ƙarfin baya sai mu riƙa karɓa-karɓa." Muka yi dariya. Da ta sauka daga katangar na zauna na yi kuka, don bayana ya riga ya fara gazawa, kuma ban san inda zan ajiye shi ba idan na sauke shi.

Mun nemi magani, kada wani ya ce ba mu nema ba. An yi rubutu ya sha, an yi tofi, an yi hayaƙi, mun je Jama'are wurin wani malami, mun je wurin masu saiwa. Ban raina ko ɗaya ba, kuma har gobe ina ba shi rubutu, don waraka ta Allah ce. Amma ranar da bayana ya ƙi ɗaukarsa gaba ɗaya, yaron nan ya zama kamar wanda aka kora daga gidansu. Ba ya zama, ba ya tsayawa, daga wannan bango zuwa wancan. Sai in neme shi in rasa, in same shi a ɗakin ajiya ya cusa kansa tsakanin buhunan gero, ya matse, ya yi lamo.

Maganata ta biyu a kan kujera ce, kuma a nan ne karatu ya shigo.

Ciwon bayan ne ya kai ni asibiti. Da can idan na je, inda aka nuna mini da yatsa nan nake bi, duk takardun da ke manne a bango ado ne a wurina. A wannan karon na fara haɗa baƙaƙe. Ina zaune a layi, yaron yana fizgar hannuna, sai idona ya faɗa kan wata takarda da aka rubuta da Hausa a ƙofar sashen gashin ƙashi. Na daɗe ina haɗa ta, har layina ya wuce. An rubuta cewa duk uwar da ɗanta ba ya iya zama wuri ɗaya, ko ƙara tana firgita shi fiye da sauran yara, ta shigo a gan shi. Jama'a, na sha wucewa ta gaban ƙofar nan da yaron a bayana. Takardar tana nan, ni ce ba ni da ido.

A ciki na sami wata ma'aikaciya Bayarabiya, Sista Ifeoluwa. Ba ta taɓa shi ba. Ta kashe fanka, ta zauna a ƙasa can nesa da shi, tana kallonsa ta gefen ido. Ya zagaya ɗakin, ya zagaya, sannan ya je ya cusa kansa tsakanin kabad da bango. Ta ce, "Mama, a gida ina yake ɓuya?" Na ce tsakanin buhunan gero. Ta ce, "Kin daɗe kina goya shi ko?" Na ji kunya na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ɗago, ba laifi kika yi ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba ni da allurar da za ta mayar da shi kamar sauran yara. Akwai irinsu ko'ina a duniya. Jikinsu yana jin abu kaɗan kamar mai yawa, kuma ba sa natsuwa sai an matse su, an girgiza su a hankali. Goyo yake nema, bayanki kuma ya gaji. Sai mu yi masa kujerar da za ta goya shi."

Ta zana mini ita a takarda, ta rubuta bayani a gefe da manyan baƙaƙe yadda zan iya karantawa. Na kai wa Jideofor kafinta, ga shi can a tsaye bayan rumfa, kowa ya san shagonsa. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Hajiya, wannan kujera ce ko kwalekwale? Wa zai zauna a ciki, kaza mai kwanci?" Na ce ɗana ne. Da ya ji labarin sai ya daina dariya, ya ɗauki abin awonsa ya biyo ni gida.

Allah Ya saka masa, amma ta farko da ya yi ba ta dace ba, kuma son burgewa ne ya jawo. Ya lulluɓe ta da jar leda mai ƙyalli, ya jera mata ƙusoshi masu ruwan zinariya kamar kujerar amarya. Abdulsamad ya matso, ya shinshina, ya ji warin gam, ya taɓa ledar ta yi ƙara, ya gudu bai waiwayo ba. Jideofor ya riƙe ƙugu ya ce, "Duk faɗin Azare babu wanda ya taɓa raina aikina sai wannan ƙaramin alhajin." Ya zauna a tsakar gidanmu ya yage ledar da hannunsa. Na shiga ɗaki na ɗauko tsofaffin zannuwan da na goya yaron da su, waɗanda suka sha wanki suka yi laushi, da su aka rufe ta.

Bari in siffanta muku ita, don akwai iyaye mata a nan da na san suna saurare da kunne biyu. Mai zurfi ce, idan ya shiga sai ya nutse. Gefe da gefe an cusa audugar rimi an danne sosai, yadda za ta matse shi daga kafaɗa zuwa cinya. Ƙafafunta a lanƙwashe suke, tana lilo gaba da baya idan ya motsa, ba ta kifewa. Akwai katako a ƙasa inda tafin ƙafarsa ke sauka, don Sista ta ce ƙafar da ke reto ba ta barin zuciya ta kwanta. A sama akwai 'yar rumfa ta baƙin yadi mai kauri, tana tare haske, tana rage ƙara. Sai wani matashi da na ɗinka na cika da yashin rafi, wankakke, mai nauyi, wanda yake ɗorawa a cinya. Shi ke nan. Babu abin da aka sayo daga Kano, babu abin da ya zo daga ƙasar waje.

Sista ta ja mini kunne: kada a ɗauke shi a sa shi, kada a ɗaure shi a ciki, kada a mayar da ita wurin horo. A ajiye ta a inuwa a ƙyale shi. Muka ajiye ta a rumfar tsakar gida. Ya yi kwanaki yana zagaya ta kamar baƙuwa. Wata rana da hantsi ina tankaɗe, sai injin niƙa ya tashi. Na yar da rariya na juya in kama shi kafin ya kai kansa bango. Sai na gan shi a ciki. Ya shiga da kansa, ya jawo matashin yashin ya ɗora, yana lilo, idonsa a lumshe. Injin yana ta ruri, ɗana yana zaune.

Ba zan ce muku ya warke ba, don na yi alkawari ba zan faɗi abin da ba haka ba a gaban malamai. Har yanzu yana ihu, har yanzu ba ya son hula. Amma a cikin kujerar nan ya fara cin tuwo da hannunsa. A cikinta wanzami ya yi masa aski ba tare da an danne shi ba. A cikinta yake zama idan babansa yana karatu bayan la'asar, har wata rana muka ji yana maimaita ƙarshen ayoyin Ƙulhuwallahu, a hankali, yana lilo. Babansa ya rufe Alƙur'ani ya fita waje, don kada mu ga idonsa. Ni kuma saboda ita na samu na riƙa zuwa aji ba fashi, har ga ni yau da takardar shaida.

Maganata ta uku ita ce abin da ya faru ranar Juma'ar da ta gabaci wadda ta wuce. Zan faɗe shi yadda ya faru, ba zan ɗora wa kowa laifi ba, don na duba na sake dubawa ban ga mai laifi ba.

Bayan an sauko daga masallaci Yaya Alhaji ya shigo gaishe mu, kamar yadda ya saba zagaya gidajen ƙannensa. Rabonsa da shiga cikin gida tun kafin a yi kujerar. Aka shimfiɗa masa darduma a rumfa ya zauna. To ga babba a ƙasa, ga yaro a sama da shi yana lilo, ƙafafunsa suna fuskantar baffansa, bai tashi ba, bai durƙusa ba, bai ma kalle shi ba. Ku gaya mini, a wane gida ne a ƙasar Katagum za a ga haka a yi shiru? Mu da aka raine mu a kan cewa yaro ba ya zama sama da babba? Maigidana kunya ta kama shi. Ya ce, "Tashi ka gaida Baffa." Bai tashi ba. Ya sake faɗa. Sai ya sa hannu ya ciro shi daga kujerar, ya kawo shi gaban yayansa ya durƙusar da shi. Abin da kowane uba mai mutunci zai yi ke nan. Yaya Alhaji kuma, saboda tausayi, ya miƙa hannu ya shafa kansa a hankali yana sa masa albarka. Abin da kowane baffa nagari zai yi ke nan.

Ina bakin madafa na ga hannun yana sauka. Na san abin da zai biyo baya, amma matar ƙani ba ta ɗaga murya ta ce wa yayan miji dakata. Kafin in ajiye kwanon da ke hannuna, Abdulsamad ya kama hannun nan ya ciza har jini ya fito, ya kufce ya je yana buga goshinsa a bango.

Ga bandejin nan a hannun Alhaji, kowa yana gani. Ni ce uwar wanda ya yi shi. A gaban jama'ar Azare ina ba ka haƙuri, Yaya, haƙurin da na kasa buɗe baki in ba ka a ranar.

Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya naɗe hannun da hankici, ya kira sunan ƙaninsa ya ce, "Wannan kujera ita ta sangarta shi. Yaron da aka saba wa zama sama da manya, yaushe zai san babba? Yau ni ya ciza, na yafe. Gobe ya ƙara ƙarfi ya ciji ɗan wani fa? Ku kulle ta. Zan nemi inda za a gyara shi." Aka sa kujerar a ɗakin ajiya aka datse da kwaɗo.

Tun daga ranar ɗana a ƙofar ɗakin nan yake wuni. Ya ja kwaɗon, ya buga goshi, ya ja, ya buga. Ya daina ci da hannunsa. Ƙulhuwallahu ta ɓace daga bakinsa. Na koma goyonsa, yaro ɗan shekara takwas, ina dafa bango. Yanzu haka da nake tsaye a nan, Ya Gana ce ta bar bikin nan ta zauna da shi, ta nannaɗe shi da bargo ta rungume, kuma duk babur ɗin da na ji ya wuce ta hanyar unguwarmu sai gabana ya faɗi.

Wurin da za a kai shi, na taɓa raka wata 'yar'uwata ziyarar ɗanta a irinsa. Ban zo in zagi kowa ba. Wataƙila akwai yaran da ya gyara, masu shaye-shaye da masu ɗauke-ɗauke, Allah Shi ne masani. Amma na ji ƙarar ƙarfe a ƙafafu, na ji karatu da babbar murya daga ɗaki cike da mutane, na ga ana aske kan sabon zuwa tun bai ajiye jakarsa ba. Abdulsamad bai sha komai ba, bai ɗauki na kowa ba. Ƙara ce ciwonsa, kuma gidan ƙara za a kai shi. Idan ya yi ihu za a ce taurin kai ne. Idan ya ciji wani za a ƙara masa ƙarfe. Idan aka tambaye shi me ke damunka, kalmomi uku gare shi, kuma ta farkonsu Inna ce, ni kuwa ba na nan.

Maganata ta ƙarshe roƙo ce.

Ina roƙon iyaye mata: na san ba ni kaɗai ba ce. Akwai gidajen da ake ɗaure ƙafar yaro da zane a jikin turke kafin a gama girki, akwai gidajen da ake tura shi ƙuryar ɗaki idan baƙi sun zo. Ban ga laifinku ba, na san gajiyar. Ku duba inda yake gudu ya ɓuya, ku duba abin da ke kwantar da shi, ku kai shi a gan shi. Ƙofar gidana a buɗe take, takardar zanen tana nan, wadda ba ta iya karatu ba ni zan karanta mata. Ina roƙon kafintoci da teloli su koyi wannan aiki, Jideofor ya ce ba zai ɓoye wa kowa ba. Ina roƙon Hajiya wakiliyar hukuma ta taimaka a gayyato irin su Sista su zo ajinmu su yi wa mata bayani. Ina roƙon malamanmu da dattawanmu, idan kun shiga gida kun ga irin yaron nan a zaune bai tashi ba, ku tambayi uwarsa kafin ku miƙa hannu.

Sai kai, Yaya Alhaji.

Ban ce a bar ladabi ba. Da ladabi aka raine ni, da shi na raini yayyensa, kai shaida ne. Gaskiyarka ce, bai kamata yaro ya zauna sama da kai ba. Saboda haka na koma wurin Jideofor, ya yi wata kujerar, babba, mai hannu, mai tsayi, wadda duk wanda ya zauna a kanta Abdulsamad yana ƙasa da shi. Jiya aka kawo ta. Tana rumfa, na rufe ta da sabon zane, babu wanda ya zauna a kai, babu kuma wanda zai zauna kafin kai.

Makullin ɗakin ajiya yana aljihun ƙaninka, amma izinin buɗewa yana bakinka. Ina roƙonka, don Allah, don zumuncin da ke tsakaninka da ɗan'uwanka, idan an tashi daga taron nan ka biya ta gidanmu. Ka ce a buɗe. Ka zauna a taka, a bar shi ya shiga tasa da ƙafarsa. Kada ka kira shi, kada ka yi masa magana, ka dai zauna ka gani da idonka gwargwadon abin da ya sauƙaƙa. Idan ka so sa masa albarka, ka dafa kafaɗunsa biyu ka danna da ƙarfi, irin dannar da ake yi wa buhu, za ka ji yadda zai saki jiki a hannunka. Ba zan yi maka alkawarin zai durƙusa ba. Ba zan ma yi maka alkawarin komai zai tafi daidai ba, don ya kwana biyu a wahale, kuma tsoro nake ji kada yau ɗin ta zama ranar da zai ba ni kunya. Amma ka gan shi sau ɗaya a zaune kafin ka sa a ɗauke shi.

Ba na neman amsa a gaban jama'a. Kai ne babba, ɗanka ne, hukuncinka ne. Idan ka gani ka ce duk da haka sai ya tafi, ba zan tare ƙofa ba, ba zan yi ihu a titi ba, ni da kaina zan wanke masa kaya in ɗaure. Abu ɗaya kawai zan roƙa a ranar: a ɗora kujerar a motar, ta tafi tare da shi.

Allah Ya saka wa malamarmu da alheri, Ya ƙara mata lafiya da haƙuri. Allah Ya sa karatun da muka yi ya amfane mu, ya amfani 'ya'yanmu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da ƙasar Katagum lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Allah Ya warkar da hannun Alhaji, Ya ja kwanansa, Ya bar mana shi. Allah Ya dubi yaran da ba su da bakin faɗin ciwonsu, Ya dubi iyayen da ke ɗauke da su, Ya sanya tausayinsu a zuciyar duk wanda ke da iko a kansu. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya sa mu tarar da waɗanda muka bari lafiya.

Na gode.